Tambaya da Amsa: Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki da Haɗiya ke Ba Shi Wahala

Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan karon daga masu jinya suke, kuma kokensu ɗaya ne: mara lafiya ya tsallake bugun farko, an dawo gida, sai ga shi ci da sha sun zama abin fargaba. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo. Ma'aikatan jinya na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki kwana 12 da suka wuce. Duk sanda ya sha ruwa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa, amma abu mai kauri yana wucewa lafiya. Ta yaya ruwa zai fi abinci wuyar haɗiya? *Daga wani mai jinyar mahaifinsa.*

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kusan rabin masu wannan ciwo suna fama da haɗiya a kwanakin farko, kuma ruwa ne ya fi ba su wahala.

A can cikin maƙogwaro hanya ta rabu biyu: ta iska a gaba mai zuwa huhu, ta abinci a bayanta mai zuwa ciki. Duk sanda mutum ya haɗiye, zakaran wuya yana ɗagawa sama, wani ɗan marfi mai kama da ganye ya kife a kan hanyar iska, numfashi ya ɗauke na kamar daƙiƙa ɗaya, abin ya wuce ta baya. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da wannan umarni, in ciwo ya taɓa ta umarnin yakan makara. Ruwa kuwa ba ya jira, kafin marfin ya rufe ya riga ya gangara. Abu mai kauri a dunƙule yake tafiya, sannu a hankali, shi ya sa marfin ke riga shi.

Ka mai da Baba asibiti a gwada haɗiyarsa, in da hali wurin ƙwararren gyaran magana da haɗiya. In ya ce a kaurara ruwa, ka tambaye shi mataki na nawa. Akwai tsarin da ƙasashe da yawa ke bi mai suna IDDSI, mai mataki 8, daga 0 zuwa 7. Abin sha yana tsakanin 0 da 4. Kada ka yi kirdadon kauri da ido. Samu sirinji mai cin mililita 10, wanda tsawonsa daga layin 0 zuwa layin 10 ya kai milimita 61.5. Cire allura da sandar turawa, toshe bakinsa da yatsa, cika shi zuwa layin 10, saki yatsa daƙiƙa 10 cif, ka sake toshewa. In abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, tsinkakken ruwa ne, mataki na 0. Daga mililita 1 zuwa 4 mataki na 1, daga 4 zuwa 8 mataki na 2, sama da 8 mataki na 3. Mataki na 4 ba ya zuba ta sirinji sam, da cokali ake shansa.

Hodar kaurara ruwa iri biyu ce. Mai sitaci tana ƙara kauri in ta jima a kofi, sannan yawun da ke bin cokali yana tsinka ta, don haka a haɗa daidai wanda za a sha nan take. Mai ƙaro, wadda za ka ga an rubuta xanthan a gwangwaninta, ta fi riƙe kaurinta. Kada kuma ka ce tunda kauri ne magani bari a ƙara. Wanda ya wuce kima yana maƙalewa a maƙogwaro, daga baya ya zame cikin huhu, ga shi mara lafiya yakan ƙi sha har jikinsa ya bushe. Babba na bukatar kimanin mililita 30 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 zai nemi mililita 1,800, sai fa in likita ya ƙayyade saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Riƙa rubuta abin da ya sha, ka kuma duba fitsarinsa: in ya yi kaɗan ya yi duhu, ruwa bai ishe shi ba. Gwangwanin hodar a ajiye shi nesa da gadonsa, domin busasshiyar hodar kan toshe maƙogwaron wanda ya afa ta.

Tambaya: Likita, Inna ba ta tari ko sau ɗaya in tana ci. Amma sau biyu ke nan cikin wata 3 ana kwantar da ita saboda namoniya, wato ciwon huhu, kuma an ce abinci ne ke shiga huhunta. Anya kuwa? *Daga wata mai jinyar mahaifiyarta.*

Amsa: Haka abin yake, 'yar'uwa, kuma irin na Inna ya fi na mai tari haɗari. Tari mai gadi ne. Wanda ke tari maƙogwaronsa yana jin abin da ya bi hanyar da ba tasa ba, yana korar sa. Ciwon kan kashe wannan jin a wurin wasu, sai ruwa ko abinci ya sulale cikin huhu shiru. Rashin tari ba shaidar lafiyar haɗiya ba ne. Haka nan taɓa can cikin baki a ga ko za ta yi yunƙurin amai ba ya nuna komai a kan haɗiya.

Ga abin da za ki sa wa ido. Bayan ta haɗiye ki ce ta yi "aaa". In muryar ta fito a jiƙe, tana ƙuru-ƙuru kamar mai kurkure maƙogwaro, akwai abin da ya zauna a bakin hanyar iska. Sai hawaye lokacin ci, gumi, canjin launin leɓe, da numfashin da ke ƙaruwa bayan an gama. Numfashin babba a hutawa sau 12 zuwa 20 ne a minti; ki ƙirga na minti guda kafin ci da bayansa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, kaki mai launi, ko ruɗewa da yawan barcin da ba ta saba ba, duk na komawa asibiti ne a ranar. Tsoho yakan yi namoniya ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Gwajin da ke raba gardama biyu ne: hoton da ake ɗauka tana haɗiyar abinci gauraye da sinadarin bariyom, ko siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci a kalli maƙogwaro tana ci. Ki tambaya ko asibitinku na yin ɗaya.

Sai abin da masu jinya suka fi sakaci da shi, wato baki. Abinci shi kaɗai ba ya cika jawo namoniya. Ƙwayoyin cutar da ya kwaso daga ƙazamin baki su ne masu ɓarnar. Mutum na yin yawu wajen lita guda a rana, kuma mai matsalar haɗiya yana shaƙar ɗan wani abu daga ciki ko da ba ya ci, musamman cikin barci. In bakin tsaf yake, huhu kan iya da shi. In ya cika da ruɓaɓɓen abinci da dattin haƙori, kowane ɗigo guba ne.

Ki wanke mata baki safe da dare, ki kuma share shi bayan kowane ci. Zaunar da ita ta ɗan sunkuyo, in ba ta iya zama ki kwantar da ita ta gefe. Buroshi ƙarami mai laushi, man goge baki ɗan shafe kawai don kada kumfa ya yi yawa. Minti 2: haƙora, dasashi, saman harshe, cikin kumatu, musamman ɓarin da ya shanye. Kada ki ba ta ruwa ta kurkure, ki kwashe kumfan da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Haƙoran roba a cire su da dare a wanke. In kin ga fararen tabo a harshe ko kumatu, wataƙila fumfunar baki ce, tana sa zafin haɗiya kuma tana da magani.

Tambaya: Maigidana ba ya son zama, a kwance muke ba shi abinci da filo biyu a ƙarƙashin kansa. Yakan ɗauki awa guda bai gama ba, wani lokaci da safe in tarar da abincin jiya a kumatunsa. Ina muke kuskure? *Daga wata uwargida.*

Amsa: Kuskuren farko kwanciyar ce, Hajiya. Filo a ƙarƙashin kai wuya kaɗai yake lanƙwasawa, gangar jiki na nan a miƙe. Zama ake so na sosai, baya a tsaye, a kujera in zai yiwu, ƙafafu a ƙasa. In a gado ne, a fara jawo shi sama, a tokare bayan tun daga ƙugu, a sa filo a ƙarƙashin gwiwoyi don kada ya zame, wani filon kuma a ƙarƙashin hannun da ya shanye don kada ya karkace. Kai a daidai, haɓa ba ta kallon sama. Ɗaga haɓa buɗe hanyar iska yake yi, shi ya sa mai ba da abinci ba ta tsayawa a kansa. Ki zauna fuskarki daidai da tasa ko ƙasa kaɗan.

Kada a ba shi komai yana gyangyaɗi. A kashe talabijin da rediyo, kuma kada a ja shi da hira da abinci a baki. Cokalin shayi za ki yi amfani da shi, mai cin mililita 5. Ki sa abincin ta ɓarin da ke da lafiya, ki jira ki ga zakaran wuya ya hau ya sauka, ki ce ya sake haɗiyewa a banza, sannan ki kawo na gaba. Kada ki kora loma da ruwa. Bututun zuƙa da kofi mai dogon baki a bar su sai in ƙwararre ya yarda, domin suna watsa ruwa can baya kafin maƙogwaro ya shirya. Dabarun da kika ji ana faɗa, irin su sunkuyar da haɓa ko juya kai zuwa ɓarin da ya shanye, suna taimakon wasu suna cutar da wasu, sai an gwada shi an ce ya yi.

Awa guda ta yi yawa. Tsokokin haɗiya na gajiya, kuma lomar ƙarshe ta fi ta farko haɗari. Ki tsaya a minti 30, ki raba abincin kashi 5 ko 6 a rana. In an gama ki haska bakin da tocila, ki kwashe abin da ya maƙale a kumatun da ba ya ji, ya ci gaba da zama aƙalla minti 30.

Game da abincin kansa, a tsarin nan na IDDSI: mataki na 4 niƙaƙƙe ne sumul, ba gudaji, yana zama a cokali amma in an karkata ya faɗo gaba ɗaya ba tare da ya manne ba. Mataki na 5 dakakke ne mai danshi, faɗin gutsurensa bai wuce milimita 4 ba, wato tazarar yatsun cokali mai yatsu. Mataki na 6 mai laushi ne da aka yanka santimita 1.5, wanda in kin danna shi da cokali mai yatsu har farcen babban yatsanki ya yi fari zai baje ya ƙi komawa. Abin da ya fi jawo ƙwarewa shi ne mai gauraye biyu, kamar romo da gutsuren nama, ko lemo da kankana da ke fashewa da ruwa a baki. Sai mai warwatsewa irin shinkafa da biskit, mai danƙo irin burodi, da mai zare-zare. Askirim ma a baki yake narkewa ya koma tsinkakken ruwa. In za ki niƙa abinci kada ki tsinka shi da ruwa zalla, ƙarfinsa kike ragewa. Madara, ƙwai dafaffe ko cokalin mai sun fi. A auna nauyinsa duk mako in da hali. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata guda abin kai wa likita ne.

Tambaya: An sa wa surukata roba ta hanci, da ita aka sallamo mu. Dangi na cewa alamar ƙarshe ce, a cire a bar ta ta ci da bakinta. Ni kuma tsoron kula da robar nake. *Daga wata mai karatu.*

Amsa: Ki kwantar wa dangi da hankali. Robar gada ce da za ta tsallake da ita har haɗiya ta dawo, ta nan abinci da ruwa da magani ke isa ciki. Akasari ana sa ta tun ranar farko ko ta biyu ga wanda gwaji ya nuna bai iya haɗiya lafiya ba. Kada kowa ya ba ta ko da kurɓi ɗaya ta baki don tausayi, sai an ba da izini.

Babban haɗarin shi ne robar ta gusa daga ciki ta koma hanyar iska, a zuba abinci a huhu. Tari mai ƙarfi, amai, ko hannun mara lafiya na iya gusar da ita. Don haka kafin kowane ci abu biyu wajibi ne. Duba lambar da ke jikin robar daidai bakin hanci, ta zama ita ce wadda aka rubuta miki ranar da aka sa. Sannan ki zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji ki ɗiga a takardar gwajin pH mai auna tsamin ruwa, lamba 5.5 ko ƙasa da haka na nuna robar na ciki. Tsohuwar dabarar hura iska a saurari ƙara ba abin dogaro ba ce, ƙarar kan fito ko da robar na huhu. Maganin gyambon ciki irin omeprazole yakan ɗaga lambar pH, don haka in ta haura 5.5 ko kin kasa zuƙo komai, kada ki zuba. Nas ko hoton ƙirji ne zai warware. In robar ta fita, kada ki mayar da kanki.

Wajen ba da abinci, kai da ƙirji a ɗage digiri 30 zuwa 45, lokacin ci da kuma awa guda bayansa. Sirinji babba mai mililita 50 ko 60, don ƙarami ƙarfin turawarsa na iya fasa roba. Fara da ruwa mililita 30, sai abincin, ba mai sanyin firji ba, ba mai zafi ba. Cire sandar sirinjin ki bar shi ya sauka da kansa. Yawanci mililita 200 zuwa 400 ne a zama ɗaya cikin minti 15 zuwa 30, amma adadin da asibiti ya rubuta miki shi za ki bi. Rufe da wani ruwan mililita 30. Gaggawa ce ke kawo kumburi, amai da gudawa. In abincin gida kike niƙawa, ki tace shi, kuma kada ya wuce awa 2 a waje. In ta fara tari, amai ko haki ana cikin zubawa, ki tsaya nan take.

Robar da ta toshe, ruwan ɗumi za ki tura ki jawo a hankali sau da yawa. Kada ki zuba lemon kwalba, daskarar da abincin yake yi, ya ƙara toshewar. Canza filastar hanci kullum ko in ta jiƙe, ki ɗan sauya mata wuri don kada hancin ya yi gyambo. Tambayi irin robar da aka sa: mai tauri ta PVC kwana 7 zuwa 10 take yi, mai laushi tana kai makonni. In tana da ciwon suga kuma ana mata allurar insulin, duk ranar da abinci ya tsaya ki kira asibiti kafin a yi allurar, suga na iya faɗuwa. Wanke baki kuwa yana nan daram, ko ba ta ci da shi.

In an kwashe kamar mako 4 haɗiya ba ta dawo ba, likita zai iya kawo maganar robar da ake sa wa kai tsaye ta fatar ciki. Ba a gaggawar ta: wani babban bincike da aka jagoranta daga Edinbura ta Birtaniya, aka buga a 2005, ya nuna sa ta a makonnin farko bai fi ta hanci alheri ba. Ita wannan ta fatar ciki in ta fita, asibiti a take, ramin kan fara rufewa cikin 'yan awoyi.

Tambaya: Malam, Yaya ba ya iya haɗiyar ƙwaya. Muna dake magungunansa duka tare mu zuba a abinci. Da matsala? *Daga wani ƙanin mara lafiya.*

Amsa: Da babbar matsala. Kwashe su duka ka kai wa mai harhaɗa magunguna ya duba ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙwayar da ke da SR, MR, CR, XL, LA ko Retard a bayan sunanta an yi ta ne ta saki magani a hankali cikin awa 12 ko 24. In ka daka maganin hawan jini nifedipine irin wannan, maganin yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya, hawan jini ya faɗi warwas, abin da ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo ba ta so. Mai EC rufi gare ta da ke kare ta ko kare ciki, dakawa na lalata shi. Asfirin akwai mai narkewa a ruwa, a nemi shi. Kafson dabigatran, maganin hana daskarewar jini, ba a buɗe shi ko kusa, domin ƙarfinsa na ƙaruwa ya jawo zubar jini. Wasu kamar amlodipine da apixaban ana iya daka su.

Wanda aka yarda a daka, a daka shi shi kaɗai ya yi laushi, a ba da shi cikin cokali ɗaya na niƙaƙƙen abinci, ba cikin kwano duka ba, don in bai cinye ba ba ka san nawa ya sha ba. Maganin ruwa ma ruwa ne, kaurinsa ya dace da matakin da aka ba shi. Maganin taurin bayan gida mai macrogol yana tsinka ruwan da aka kaurara da sitaci, kada a haɗa su. In ta roba ne, kowane magani daban, da ruwa mililita 10 zuwa 15 a tsakani, kuma ba a zuba shi cikin abincin. Phenytoin na farfaɗiya yana bukatar tazarar awa 2 tsakaninsa da abincin roba, gaba da baya.

Tambaya: In loma ta shaƙe mara lafiya a gabana, me zan yi? *Daga wata mai jinya.*

Amsa: In yana tari da ƙarfi ko yana iya magana, ki sunkuyar da shi gaba ki bar shi ya yi tarinsa. Ban da ruwa, ban da laluben maƙogwaro da yatsa. Abin da kike gani a baki kaɗai za ki ciro. In sauti ya ɗauke, ya kasa numfashi, ki sa a kira agaji, ki tallabe ƙirjinsa yana sunkuye, ki doki tsakanin allon kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau 5. In bai fito ba, ki zagaya bayansa, ko yana kan keken marasa lafiya ne, ki dunƙule hannu tsakanin cibiya da ƙahon zuci, ki dafa da ɗayan, ki finciko ciki da sama har sau 5. Ki yi ta sauyawa biyar-biyar. In ya suma, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri a fara danna ƙirji. Ko lomar ta fito, wanda aka matse wa ciki sai likita ya duba shi.

Tambaya: Shin haɗiyar za ta dawo kuwa? Wata 2 ke nan Mama na kan niƙaƙƙen abinci, ta gaji da shi. *Daga wani mai karatu.*

Amsa: Da yardar Allah akwai fata. Mafi yawa suna samun sauƙi cikin makonnin farko, wasu sai an yi watanni, kaɗan ne abin ke zame musu na dindindin, musamman waɗanda ciwon ya taɓa tushen ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya. Abin da muke yawan gani shi ne a ɗora mutum a kan mataki ɗaya ranar sallama, a mance da shi a nan, alhali ya daɗe da wuce shi. Ka nemi a sake gwada Mama yanzu, ka kuma tambayi atisayen da ya dace da ita, kamar haɗiya da ƙarfi ko danna haɓa a kan ƙaramar ƙwallo. In an ce ta hau mataki, a fara da ci ɗaya a rana, da safe lokacin da take da kuzari, cokali kaɗan, kana sauraron muryarta bayan kowace haɗiya, kana auna zafin jikinta safe da yamma na kwana 3.